Dutsen da Ya Sa Ni Ruku'u

Rabi ce ta sa na zauna rubuta wannan babin, ba don ita ba da na tsallake shi kamar yadda na tsallake wasu. Kwanakin baya, da dangin yaron da ke neman aurenta suka shiga bincike, wani sarkin iyayi ya tono musu tsohon hotona ya tura. Ta shigo falo bayan la'asar ta durƙusa can nesa da ni, tana murza bakin mayafi, ta kasa ɗago kai.

"Baba, wai hoton nan naka na China da ake magana, da gaske ne?"

Ban ba ta amsa a ranar ba, don na san in na buɗe baki ba magana mai daɗi ce za ta fito ba. 'Yar cikina, wadda ni na yi mata huɗuba a kunne, ita ke tambayata ko na taɓa yi wa gunki ruku'u. Ban ga laifinta ba, tana ƙarama aka yi abin. To ga amsar nan, ke da yayyenki Nura da Sadiya, ku karanta a tsanake. Kuma kada wanda ya zo mini da zancen a yi haƙuri ya riga ya wuce. Da ya wuce da bai biyo ki har ƙofar aure ba.

A shekarun nan ina zaune a Guangzhou, unguwar Xiaobei, inda kusan duk Bahaushen da ya je sarin kaya China yake sauka. Ina da ɗan ofis a benen Tianxiu. Aikina in raka 'yan kasuwarmu na Kano wurin masu kamfani, in duba musu kaya, in tsaya a loda a kwantena. A hawan da muke akwai wani ɗaki da muka shimfiɗa wa kafet muka mai da shi wurin sallah, ni nake jan jam'i. Ba don na fi kowa karatu ba. Na dai sauke tun a gida, ba na fashi, kuma an yarda da ni. Mutum zai sauka daga jirgi bai san gabas ba bai san yamma ba, a ce masa je ka wurin Malam Bala Dogo, ba zai cuce ka ba. Wannan sunan shi ne jarina gaba ɗaya, ba ni da wani. Dogon kuwa ba sai na yi muku bayani ba, kun san ko ƙofar gidan nan sai da aka ƙara mata tsawo saboda ni.

Kawunku Tasi'u, ƙanin mahaifiyarku, ni na kai shi China. A falona yake kwana, kwanonmu ɗaya, ni na koya masa yadda ake gane yadi mai kyau da jabu. Kun san al'ada, ƙanin mata abokin wasa ne, ya tsokane ka ka rama, ba a fushi. Tasi'u ya riƙe wannan dama hannu bibbiyu. Bai taɓa kirana da sunana a gaban mutane ba sai Falwaya, ni kuma in ce masa Turmi, don gajere ne mai faɗi. Ina son yaron a lokacin, wannan ba zan ɓoye muku ba.

Sabuwar shekarar 'yan China ta zo, kasuwanni suka rufe, masu kamfani duk suka tafi garuruwansu. Duk wanda ka buga wa waya sai ya ce maka "meyo", wato babu. Zaman banza ya ishe mu, daga cin abinci sai musun ƙwallo. Sai Alhaji Mamman, dattijon da muka ɗauka shugabanmu a benen, ya kawo shawarar a ɗauki bas a je a ga wani kogo da ke cikin tsaunuka arewa da birnin, wai har kogi ne da shi a ƙarƙashin ƙasa. Ni ban so zuwa ba.

"Alhaji, me zan je nema a rami tun lokacina bai yi ba?"

Aka yi dariya, Tasi'u ya ce ai tsoro nake kada a rasa ramin da zai ɗauke ni. Na shirya na bi su don kada a ce liman ya ware kansa.

A bakin kogon aka haɗa mu da mai jagora, wata yarinya 'yar China da ba ta kai mini ƙirji ba, da 'yar tuta a hannu da lasifika a ƙugu, Turancinta bai fi cikin cokali ba. Muka bi ta muka yi ta gangara matakala har hasken rana ya ɓace. A waje sanyi ake, a ciki kuwa ɗumi da laima, ruwa na ɗiga ta ko'ina. Duwatsu sun zubo daga sama kamar hantsar saniya, wasu sun taso daga ƙasa sun tarye su, an haska su da fitilu ja da kore da shuɗi. Yarinyar ta nuna wannan ta ce giwa ce, ta nuna wancan ta ce tsoho ne da matarsa. Ni dai dutse nake gani. Amma gaskiya wurin ya shige ni. Da muka hau kwalekwale a kan baƙin ruwan nan, na ɗaga kai na rasa ƙarshen rufin, sai na ji bakina na tasbihi da kansa. Allah ya yi wannan gini duka a cikin duhu, inda ba idon da zai gani ya yaba. Ku riƙe wannan, abin da ke zuciyata ke nan a cikin kogon da aka ce na yi ridda.

Da muka sauka daga kwalekwalen hanya ta zama ta ƙafa, ƙasa jiƙe sharkaf. Takalmin fata ne a ƙafata, irin namu na Kano mai sulɓin ƙasa, na yi ta zamewa ina kama bango. Tasi'u ya miƙo hannu.

"Cire ka kawo in riƙe maka, Falwaya, kada ka faɗi ka rushe wa mutane kogo."

Na cire na ba shi, na naɗe ƙafar wando. Shi ya riƙe takalmin. Kada ku manta da wannan ma.

Can gaba rufin ya sauko ƙasa sosai, hanyar ta tsuke sai mutum ɗaya-ɗaya. Yarinyar ta tsaya tana dafa tsakar kanta tana faɗa a lasifika, "Ditau, ditau," wato a sunkuyar da kai. Daidai inda za ka fita daga matsatsin, a gabanka, akwai wani dutse mai siffar mutum a zaune. Mutanen wurin sun ɗaura masa jajayen ƙyallaye, sun ajiye lemo, sun kunna turaren tsinke. Nasu ne, ba ruwana, ban ma tsaya kallonsa ba. Gajerun cikinmu suka ɗan karkata wuya suka wuce. Alhaji Mamman da ke gabana hula kawai ya cire. Ni kuwa sai da na naɗe biyu. Layi ya tsaya a gaba, bayana ya fara ciwo, na dafa gwiwoyina da hannu biyu ina jiran a matsa. Ga ni nan ba takalmi, wando a naɗe, hula a kai, baya a miƙe, hannuwa a gwiwa, gunki a gabana. Sai na ga walƙiyar waya daga gefe. Tasi'u ne, takalmina a hannunsa na hagu, waya a na dama.

"Jama'a ku zo ku gani, Falwaya ya samu sabuwar alƙibla."

Kowa ya fashe da dariya, Alhaji Mamman har da share hawaye da hularsa. Ni ma na yi, na ce masa Turmi za ka gane kurenka. Da muka fito sarari muka yi alwala, muka shimfiɗa kwalaye a kan ciyawa, na ja su azahar da la'asar. Duk wanda ke cikin bas ɗin nan a bayana ya yi sallah ranar, ba wanda ya ce uffan.

Kafin mu isa gida Tasi'u ya saka hoton a guruf ɗinmu na waya, da wannan maganar tasa a ƙasa. Na duba na ga abin da ban lura da shi ba a kogon. Hasken wayar bai kama rufin ba, sama duk baƙi ne, kamar fili ne a kaina. Abin da ya fito ni ne, da gunkin, da hayaƙin turare. Na ce ya goge, ya ce haba ai wasa ne. Daga guruf ɗin waɗanda suka je ya tsallaka na waɗanda ba su je ba, daga nan ya hau jirgi ya riga ni zuwa Kano. Dariyar ta tsaya a China, hoton kaɗai ya isa. Wani da bai taɓa ganina ba ya ɗora murya a kai, yana kuka yana cewa ga yadda neman duniya ke raba mutane da imaninsu, ga limami guda ya sayar da lahirarsa don 'yan China su ba shi kaya. Ban san shi ba har yau, kuma ban yafe masa ba.

Mahaifiyarku ta kira ni da safe.

"Malam, me ya faru a can? Nura ya dawo daga islamiyya da riga a yage, wai yara na ce masa ɗan mai ruku'u."

Na ba ta labari tun daga takalmi har rufi. Ta yi ajiyar zuciya.

"Ni na san wanda nake aure, ko ba ka faɗa ba. Amma don Allah ka bi Tasi'u a hankali, yarinta ce, ka san wasanku."

Wasanmu. Kalmar nan ita aka yi ta shafa mini kamar man zafi a kan gyambo. A ɗakin sallah sahu ya fara raguwa. Mutanen da na ɗauko daga filin jirgi da hannuna sai su tsaya a baranda suna latsa waya har in sallame, sannan su shigo su tayar da tasu. Ranar nan na shiga gaba, an yi iƙama, wani baƙo da ya zo sarin takalma ya ja da baya ya ce da ƙarfi shi ba ya bin mushriki. A cikin sahun akwai waɗanda muka shiga kogon tare. Na juya na dube su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa ido a kafet.

Na samu Tasi'u a gida yana cin taliya. Ban ɗaga murya ba. Na ce ya ɗauki wayar nan da ya yi ɓarnar da ita, ya yi magana da bakinsa, ya ce shi ya ɗauki hoton, rufi ne ya sauko, takalmina ma a hannunsa yake.

"Haba Yaya Dogo, abin nan fa zai wuce da kansa. In na fito na yi magana yanzu, kaina za a juyo, a ce na yi wasa da addini. Ka san mutanenmu."

Ranar ce ya fara kirana Yaya. Da bakin wasa ya jefa ni rijiya, da bakin ladabi ya ƙi miƙo igiya. Na ce ya kwashe kayansa kafin magariba, ya kwashe.

Bayan kwana biyu Alhaji Mamman ya kira ni wani gidan abinci na Musulmi a Xiaobei, ya sa aka kawo shayi da gurasa. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya zo kan magana.

"Malam Bala, ni shaida ne, ina gabanka a wurin nan. Na san ba ka yi ba. Amma bakin mutane ba ya ɗinkuwa. Abin da muka yanke da dattawa, ranar Juma'a bayan la'asar ka miƙe a gaban jama'a ka maimaita kalmar shahada, a ɗauka a waya a tura gida. Shi ke nan an kashe wutar. Me ka rasa? Kalmar da kake faɗa kullum ce."

Na ajiye kofin don kada in fasa shi.

"Alhaji, wadda nake faɗa kullum tsakanina da Ubangijina ce. Wadda kake so in faɗa ranar Juma'a ta wanda ya fita ya dawo ce. Ina na je da zan dawo? Kai da ka gani da idonka, me ya hana ka miƙe ka ce rufi ne ya sauko?"

Ya shafa gemu, ya dubi titi.

"Ka gane, ni ina da abokan ciniki ta kowane ɓangare. Ba na son a ja ni cikin rigimar malamai."

Wannan ita ce maganar da ta fi hoton ƙona mini rai. Mutumin ya san gaskiya, ya faɗa mini ita a kan teburin shayi inda ba mai ji, amma ya fi masa sauƙi in tsaya a gaban duniya in amsa laifin da ya san ban yi ba. Na ce masa ba zan yi ba, ko benen Tianxiu zai rufto a kaina. Na tashi na bar masa gurasarsa.

Na san abin da ƙin nan ya jawo, ba sai an tuna mini ba. Na bar jan sallah. Waɗanda ke turo mini 'yan'uwansu daga Kano suka daina, da yawansu suka koma wurin Tasi'u, wanda ni na koya wa aikin. Nura sai da aka canja masa makaranta. Mahaifiyarku ta yi kuka a waya ta ce in faɗi kalmar mana ko don yara, na fifita zuciyata a kan iyalina. Mun daɗe ba ma wata magana sai gaisuwa. Ta tsaya tsakanin miji da ƙani, kuma har yau a nan take tsaye, in ana biki a gidansu ita kaɗai take zuwa. Wannan ya dame ni, yana kuma damuna. Amma da na miƙe ranar Juma'ar nan, da yau bidiyon tubana ne dangin mijin Rabi za su samu, kuma da ba ni da bakin cewa ƙarya ne.

Da bazara ta shigo na koma kogon ni kaɗai, don in ɗauko shaida. Na shiga cikin ayarin 'yan China, wannan karon da takalmin roba. Da muka iso matsatsin na tsaya na ɗauki rufin ta kowace fuska, na dafa shi da hannu na ɗauka, don a ga bai wuce ƙirjina ba. Sai dai hanyar ba a komawa baya, dole ta nan za ka fita. Mai jagora na ta "ditau, ditau". Na hango dutsen nan zaune da jajayen ƙyallayensa, na ga mutane ta can gefen kowa da waya a sama. Na rantse ba mai sake ganin bayana a lanƙwashe a gaban dutsen nan. Na durƙusa a kan ƙafafuna, ƙirji a miƙe, na dinga jan jiki kamar agwagwa. Gwiwa ta gaza, na yunƙura zan miƙe tun ban gama fita ba, bakin dutsen rufin ya same ni a tsakar goshi. Jini ya rufe mini ido. Wata tsohuwa ta danna mini hankicinta a wurin, mai jagorar na yi mini faɗa da yarensu tana nuna kanta, ba abin da na gane sai "ditau".

Na tura hotunan rufin a guruf. Mutum ɗaya ya rubuto Allah ya kyauta, wani ya turo fuskar dariya, Tasi'u da Alhaji Mamman ba su ce komai ba. Ba wanda ya tura su Kano. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wanda ya faɗi haka bai ga tawa ba, tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Shekara na zagayowa na rufe ofis na dawo gida, muka tashi daga tsohuwar unguwa muka dawo nan. Ciwon ya warke ya bar baƙin tabo daidai inda goshi ke taɓa ƙasa. A masallacin unguwar nan, in liman bai zo ba, sai a dube ni a dubi goshina a ce Malam bisimilla. Ban taɓa shiga gaba ba. A bikin Sadiya Tasi'u ya zo, ya zama Alhaji, ya yi tumbi, ya kama hannuna a gaban mutane.

"Yaya Dogo, har yanzu? Wasa ne fa."

Na ce ga jama'a nan a zaune, ya miƙe ya faɗa musu abin da ke hannunsa na hagu ranar. Ya yi dariya ya ce Yaya ba ka da dama, ya wuce wurin abinci.

Saura abu ɗaya, Rabi, kuma naki ne. Bayan tambayar da kika yi mini, baffan yaron ya zo da kansa ya gan ni. Dattijo ne mai natsuwa. Muka gaisa a zaure, na gyara zama zan ba shi labarin rufin tun daga farko. Sai na ga idonsa ya tsaya a goshina, fuskarsa ta saki.

"Malam, ba sai ka ce komai ba. Mai wannan tabon sallah ba zai sunkuya wa gunki ba. Hoton nan haɗi ne irin na 'yan zamani, Allah ya isar maka."

Ni da na bar ofis da limanci da ƙasa guda don kada in amsa abin da ba haka yake ba, na zauna a zaurena na ce masa amin. Saboda ke na yi, kuma tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba. Shi ma bai tambayi rufin ba. Tun da aka fara har yau ba wanda ya taɓa tambaya.

To ke ki sani, tunda kin tambaya. Hoton ba haɗi ba ne, na sunkuya, rufi ne ya sauko. Tabon da kike sa wa yatsa kina ƙarama kina cewa na sallah, ba na sallah ba ne, dutsen rufin nan ne dai. Sallata tana wurin wanda nake yi wa, ba a goshina take ba, ba kuma a wayar kowa ba.

An sa ranar aurenki bayan sallah babba. Kawunki Tasi'u zai zo, uwarki ta roƙe ni na ce ba zan hana shi shiga ba. In ya kira ki zai sa miki albarka, ki durƙusa ki gaishe shi yadda aka koya miki. Sannan ki tambaye shi wa ya riƙe wa babanki takalmi.